Rasuwar Alhaji Sha'aban Iliasu da Ɗage Gudun Salaga zuwa Bawku

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Masu Gudun Dogon Zango ta Salaga, Yendi da Bawku ta samu labarin rasuwar wanda ya kafa ta, uban tafiyarta, Alhaji Sha'aban Iliasu, ɗan kasuwar doya kuma jikan fataken goro na Salaga, wanda ya koma ga Mahaliccinsa da hantsin Litinin ɗin makon jiya, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara hamsin da takwas. A madadin Shugaban Ƙungiya, Alhaji Jalil Hudu, da iyayen ƙungiya na garuruwan uku, muna miƙa ta'aziyya ga uwargidansa, Hajiya Mansuratu, da 'ya'yansa, da ɗaukacin jama'ar unguwannin zango na garuruwanmu.

Marigayin ya yi gudu a inda yawancinmu ko a mota ba za mu yarda mu je ba. Ya keta hamada kwana shida da guzurinsa a baya, ya kuma yi gudun kilomita ɗari da sittin a ƙasar ƙanƙara, can ƙarshen arewacin duniya. Da yake ƙasarmu ba ta da irin wannan sanyi, sai ya roƙi wani mai ɗakin sanyi na kifi a Yendi, ya yi wata uku yana sassarfa tsakanin kwalaye, har abokan sahunsa a masallaci suka fara gane isowarsa da ƙarnin kifi tun kafin ya yi sallama. Ya dawo daga wannan gasa babu yatsun ƙafa biyu, ya ce mana sauran takwas ɗin sun ishe shi.

Shekara goma sha huɗu ke nan da ya kafa gudunmu na kwana biyar, daga Salaga a bi ta Yendi, a haura dutsen Gambaga, a sauka Bawku, a tsakiyar zafin Afrilu. Gudu irin wannan ruwa ne ransa. Marigayin bai taɓa dogara da mota ta kai ruwa ba, domin mota tana lalacewa. Gida gida ya bi, ya ƙulla amana da mata talatin da biyu a ƙauyukan hanya, kowace ta ajiye randa cike a inuwar ƙofar gidanta, ta kuma tsaya har na ƙarshe ya wuce. A tsawon shekarun nan ba mu taɓa rasa ran mai gudu ko ɗaya ba.

Wajibi ne mu faɗi laifinmu a bainar jama'a. Mun sha ruwan randunan nan shekara da shekaru, kanmu a sunkuye, muna haki, ba mu tambayi sunan mace ko ɗaya ba. Marigayin bai rubuta komai ba, mu kuma muka ɗauka kullum yana nan. Da kwamiti ya zauna bayan jana'iza, saura wata guda a yi gudun bana, mutum tara muka kasa lissafa gida goma. 'Yan gudu saba'in sun riga sun ba da sunayensu, kuma ba za mu tura ɗan kowa cikin wannan rana ba mu san inda zai sha ruwa ba. Mun ji kunya ƙwarai.

A ranar sadakar bakwai Hajiya Mansuratu ta aiko aka kira mu. Daga bayan labule ta jero mana sunayen matan nan talatin da biyu, da ƙauyukansu, a jere kamar yadda hanya ta bi, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ashe ita ce take ƙulla wa kowace gishiri da sabulu duk shekara, mu da muke cin tuwonta ba mu taɓa tambayarta komai ba. Da muka nemi izinin tura mai babur ya zagaya, ta hana. Ta ce rabin matan ba su ji rasuwar ba tukuna, kuma wadda ta shekara goma sha huɗu tana cika maka randa, ba a aika mata mutuwa ta bakin baƙo. Ita za ta je da ƙafarta idan ta fita takaba.

Saboda haka ƙungiya ta ɗage gudun bana. Takabar Hajiya za ta ƙare a watan Yuli, tsakiyar damina, kuma mun san masu neman zafi za su ce an rage wa gudun gishiri. Muna ba su haƙuri. Babu wanda zai ɗaura takalmi sai mace ta talatin da biyu ta ji daga bakin da ya dace.

Allah Ya gafarta wa Alhaji Sha'aban, Ya shayar da shi daga tafkin Alkausara, Ya sanyaya makwancinsa. Allah Ya ba Hajiya Mansuratu da 'ya'yanta dangana, Ya kuma ba ta ƙarfin yin sallama a ƙofa talatin da biyu.

Sa hannu:
Malam Wahabu Mikaila
Kakakin Ƙungiyar Masu Gudun Dogon Zango ta Salaga, Yendi da Bawku