Titin da Ya Ratsa Gonar Baba

Yaya,

Ina sanar da dangi baki ɗaya cewa yau na ɗinka maɓallin rigata da kaina, kuma har yanzu bai faɗi ba.

Ya jikin Inna? Ni lafiya lau. Mu huɗu ne a ɗaki, amma littattafaina kaɗai ke ƙorafi.

Na ga takardar da aka tilasta wa 'yan majalisa su bayyana abin da suka mallaka. Kamfanin da ya haɗa gwiwa da gwamnati ya ratsa gonar Baba da titi, ashe rabin kamfanin na abokina ɗan majalisa ne. Jawabin da ya rantse ba shi da ko tsakuwa a aikin, ni na rubuta masa, har da waƙafi. Ni ne kuma na lallashi Inna ta dangwala yatsa a takardar ba da gonar.

Na kira shi, ya ce, "Haba malam, ai ba ka tambaya ba."

Kada ki gaya wa Inna, zan faɗa mata da bakina. Ranar da kika ce kada a ba da gonar, na ce ba ki yi karatu ba. Ke ce da gaskiya, Yaya.

Ƙaninki