Dangwalen Matan Dutsen Jalo

Dutsen Jalo,
8 ga Afrilu.

Zuwa ga aminiyata Ya Gana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya Gamawa, yaya karatu, yaya zafin nan da ya hana kowa sakat? Tunda makarantarku ta hana riƙe waya, na ba Malam Jabiru direba wannan takarda ya miƙa miki ranar kasuwa. Littafinki na soyayya mai koren bango yana hannuna, sau uku na karanta, kar ki ce na cinye shi.

Kin san yadda kika bar gari. Kullum ƙarfe biyu sai jiniya, sai nakiya, ƙasa ta girgiza, kwanukan Inna su zubo. Tsagewar ɗakin Kaka yanzu hannuna yana shiga ciki. To abin ya wuce nan. Kamfanin fasa dutse ya kai takarda majalisar ƙaramar hukuma yana neman izinin faɗaɗa aikinsa har tsamiyar ƙofar gidanku. Ke nan Unguwar Yamma duka, gidanku da namu da gonakin baya. Wata mai zuwa za a zauna a kai. Maza sun rubuta koke, babanki Alhaji Bunu ne a gaba, su saba'in suka sa hannu.

Yanzu ki gyara zama, ga ainihin abin da ya sa na ɗauki biro.

Wani saurayi ya zo daga Azare, sunansa Bahauddeen, ya ce daga wata ƙungiya yake mai taimakon ƙauyuka. Ya ce wa Bulama, mai garinmu, koken maza kaɗai ba zai yi nauyi ba, sai an ji muryar mata. To namiji ba ya shiga gidajen mutane, sai aka ce a nemo yarinya mai kyan rubutu. Malamar Islamiyya ta ce Zulaiha. Ni! Ni da gaisuwa ma sai na haɗa gumi.

Da na je zauren Bulama na durƙusa, sai littafin nan naki ya zamo daga cikin hijabina, tim, gaban kowa. Na so ƙasa ta tsage. Shi ya ɗauka, ya kaɗe masa ƙura, ya miƙo mini, ya ce a hankali ashe ni ma 'yar hannu ce. Ya Gana, dogo ne, yana da tabarau, ga ɗan tabo a girarsa ta hagu irin na jarumin littafin. Da ya ga rubutuna ya ce kamar zanen lalle. Wallahi har yanzu in na tuna sai na rufe fuska, ko ni kaɗai ce a ɗaki.

Ya ba ni takardu masu layi da tawadar dangwale. A samansu ya maƙala wata takarda da ɗan ƙarfe, an rubuta da Hausa cewa mu matan Dutsen Jalo ba mu yarda a matso da aikin ba. Ita nake karanta wa kowace mace, in rubuta sunanta a masu layin, ta dangwala. Kwana tara ina gida-gida. Iyarki ta ce in dai dangwale zai kashe nakiyar nan, in kawo ta sa har na ƙafa. Kaka kuwa, da yake ba ta gani, ni na riƙe mata hannu, tana ta yi wa yaron addu'a.

Ga sirrin. Ya ce yana so su cika ɗari biyu, ni kuma ɗari da tamanin da ɗaya na samu. Na kasa komawa masa da giɓi. Sai na rubuta sunayen waɗanda ba sa gari, su sha tara, na dangwala musu da yatsuna, wani a miƙe, wani a karkace. Ai da suna nan da sun sa. Ke ma kina ciki tunda kin cika sha takwas, kuma yatsan zobe na hagu na ba ki, kin ga ban yi miki rowa ba. Ni ce ma ban isa shiga ba. Da na faɗa masa ya yi dariya, ya ce sirrinmu ne mu biyu. Mu biyu, Ya Gana!

Ki yi mini addu'a, ki kuma ɓoye wannan takarda. Ki gaida ƙawayenki.

Taki har kullum,
Zulaiha.

Dutsen Jalo,
20 ga Mayu.

Ya Gana tawa,

Sallama da gaisuwa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, da shirin jarrabawa. Amsarki ta iso, na ji tsiyar da kika yi mini kan mai tabarau. Da na sani da ban taɓa rubuto miki sunansa ba.

Majalisa ta zauna, ta ba kamfani izini. Su Baba da babanki suna wurin aka karanta cewa maza saba'in sun ƙi, amma mata ɗari biyu sun roƙi a faɗaɗa aikin don 'ya'yansu su samu abin yi. Takarduna ne, Ya Gana. An zare ta saman, an maƙala wata. An manna su a allon sanarwa na sakatariya, samari suka ɗauko hoto a waya, kuma babu wanda bai san rubutuna ba a garin nan, tunda ni ke rubuta katin walima.

A daren farko maza biyu suka saki matansu. A bakin famfo in na ajiye bokiti sai a ture shi da ƙafa. Yara sun yi mini waƙa, wai Zulaiha ta sayar da dutse ta sayi miji. Baba bai doke ni ba. Da na kai masa tuwo sai ya kira ƙanwata ya ce ta canza kwano.

Kwana huɗu ina cewa a raina wani ne ya cuce shi shi ma, zai zo ya wanke ni gaban jama'a. Ranar Asabar na gan shi a hanyar gona cikin motar kamfani, da hular kwano a kansa. Na tsaya a gefen motar. Bai ko sauko ba. Ya ce in saurara da kyau: rubutu nawa ne, yatsu nawa ne, dangwalen jabu kuma gidan yari ake kai mutum, ko mace ce. Ya ce yarinya mai hankali shiru take yi. Sannan ya tambaye ni ko na gama littafin.

Ga abin da nake roƙo. Babanki ya ga sunanki a jerin, ya ce ke da kike Gamawa tun Janairu yaushe kika dangwala? Ya ce in aka tabbatar akwai jabu za a iya sa majalisa ta sake zama. Jibi zai zo wurinki. Don girman Allah ki ce kin biyo ta gida ranar nan da makaranta ta kai ki asibiti, kin dangwala da kanki. Waccan wasiƙa kuma ki ƙona ta. Na san gidanku ne a bakin dutse, na sani, namu ma yana ciki. Amma ni aka ce za a ɗaure. Ba zan iya ba, Ya Gana, ko kare ya yi haushi sai in zaci an zo kama ni.

Ni ma ai na riƙe miki maganar saurayinki Adam shekara guda, da wayar da ya saya miki, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ba gori nake miki ba, tuni ne kawai.

Ki amsa mini ta hannun Malam Jabiru.

Taki mai jiran rufin asiri,
Zulaiha.

Dutsen Jalo,
27 ga Mayu.

Ya Gana,

Gaisuwa da fatan alheri. Malam Jabiru ya dawo hannu biyu, ya ce ba ki ba shi komai ba. Babanki ya dawo tun Alhamis, ya wuce ni a ƙofar gida bai dube ni ba, amma na ji yana ce wa Bulama a kira taro. Layin ƙarshe na waccan wasiƙa, ki yafe mini shi, tsoro ne ya rubuta. Ko kalma ɗaya ce ki aiko.

Taki,
Zulaiha.

Azare,
24 ga Yuni.

Zuwa ga Ya Gana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Iya da ƙannenki. Yaya baƙunta a Hardawa, yaya damina? An ce mini can kuka koma wurin kawunku. Ni ina gidan Gwaggo Hauwa, nan Baba ya kawo ni ya ajiye, bai ko sha ruwa ba ya juya.

Ba ki zo zaman ba, don haka bari in faɗa miki abin da wasiƙuna suka saya mana.

An fara karanta su a ƙofar Bulama bayan la'asar, ta farko da ta biyu. Ba ki yage ko layin Adam ba. Na daɗe ina tunanin wannan. Kin san babanki, kin san zai cire ki daga makaranta ana saura kwanaki jarrabawa, kika miƙa masa a haka. Ke kin ba da naki sirrin don gidaje su tsira, ni kuwa na nemi ki ba da gidajen don ni.

Majalisa ta yarda ta saurari koke. Aka sa ni a gaba, ɗaki cike da maza, fanka tana juyawa. Magatakarda ya karanta wasiƙar farko da ƙarfi, kuma bai tsallake komai ba. Da ya zo kan tabon gira sai wani kansila ya leƙa fuskar Bahauddeen, ɗaki ya ɗauki dariya. Da ya zo kan yatsan zobe har da masu buga tebur. Baba yana zaune a layi na biyu, na ga ƙeyarsa kawai.

Lauyan kamfani ya miƙe ya tambaye ni littattafan soyayya nawa na karanta. Ya ce ashirin? Hamsin? Sai ya juya ya ce wa majalisa ga marubuciya Allah ya ba su, a taya ta neman mai buga mata, amma kada a rushe shawarar hukuma kan mafarkin 'yan mata. Bahauddeen ya ce shi takarda ɗaya ya ba ni, ita ce ke gabansu, kuma ni ce nake binsa har gona, yana kauce mini don mutuncin iyayena.

An kawo tsofaffi uku, har da Iyarki. Aka tambaye su ko sun karanta abin da suka dangwala wa. Suka ce a'a, Zulaiha ce ta karanta musu. Lauya ya buɗe hannuwa ya zauna.

Sai ciyaman ya dube ni ya ce yarinya, akwai wata takarda ko babu? Sau uku ya tambaya. Ya Gana, na ce akwai. Wallahi na ce akwai. Amma ko ni ban ji muryata ba, fankar ta fi ni ƙara. Ya ce a rubuta ba ta ce komai ba. Ya ce to a cire sha taran nan na jabu, saura nawa? Aka ce ɗari da tamanin da ɗaya. Ya ce har yanzu sun fi saba'in. Maganar gidan yari kuwa ko tashi ba ta yi ba. Ashe ban ma kai a ɗaure ni ba.

Bayan mako guda aka zo da jan fenti ana sa wa gidajen da za a rushe alama. Gidanku aka fara shafawa, namu na shida. Gero ya fito ke nan a gonakin baya katafila ta bi ta kai. Kaka ba wanda ya faɗa mata komai, kullum tana tambaya ko yatsunmu sun yi aiki. Ranar da za a fitar da ita Iyarki ta shigo ta faɗa mata duka, a tsaye. Ban ga laifinta ba. Kaka ta ce a kira ni. Ta lalubo hannuna ta shafa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta ce da wannan na riƙe ta? Na ce eh. Ta sake shi. Daga nan aka fita da ita aka sa ta a mota.

Gidan Gwaggo a bakin titi yake. Tifofi suna wucewa da tsakuwa tun safe, in suka taka rami sai kaɗan ta zube. Jiya na tsinci guda, ja-ja, irin dutsen bayan gidanku da muke zama muna karatu. Ban san me zan yi da ita ba, tana cikin aljihun jakata.

Ga littafinki na haɗo. Sauran littattafaina Baba ya ƙona su, wannan ya tsira don ba nawa ba ne. Ba na roƙon amsa.

A cikin littafin za ki ga farar takarda. Tawadar tana wurina har yanzu, ba wanda ya karɓa. Ni da na rubuta suna ɗari biyu, nawa babu a ciki, to ga shi na rubuta a ƙasan takardar, na dangwala da babban yatsana na dama. Saman na bar miki. Ki rubuta duk abin da kika ga dama, na riga na sa hannu.

Wassalam,
Zulaiha.