Kujerar Bayan Raga

Boseong, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga ɗana Seong-pil,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kuma yatsan nan da ya goce ya koma daidai. Ni lafiya lau nake, in ban da gwiwa da ta fara sanar da ni sanyi ya kusa.

Na kashe maka waya ranar Lahadi. Ba tarbiyya ba ce, na sani, amma bakina ne ya ƙi motsi. Shi ya sa na ɗauki biro.

Shekara huɗu kana ce min Hyeon-mo abokin zaman gida ne kawai. Shekara huɗu ina gaisawa da shi a waya, ina roƙonsa ya nemo maka mata a asibitin da yake aiki, kai kuma kana gefe kana ji. Ban yi renon maƙaryaci ba, Seong-pil. Ita kuwa ainihin maganar, cewa shi ne wanda kake so, har yanzu ban san inda zan ajiye ta ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wai za ka faɗa wa 'yan ƙungiyarku, ka kuma faɗa wa ɗan jarida, kafin wasan ƙarshe. Da ɗan gaba ne kai, sai ka ruga tsakiyar fili. Kai mai tsaron raga ne. Kana tsaye wuri ɗaya, ka ba dubban mutane baya, taku goma tsakaninku. Tun kana sakandare nake zama a bayan ragar nan, na san abin da bakinsu ke fitarwa a kan ƙwallo ɗaya da ta kuɓuce. Na taɓa ganin an jefi wani da kwalba. Ga gidan wankan da kuke shiga tare bayan atisaye. Wa zai zauna kusa da kai? Shekararka talatin, kwantiraginka zai ƙare a Disamba.

Ka yi shiru har ka ajiye safar hannu. Ba shawara nake ba ka ba, umarni ne.

Ka ci abinci mai zafi, ka daina fita da jiƙaƙƙen kai.

Mahaifiyarka,
Gil-rye

Boseong, 17 ga Nuwamba

Seong-pil,

Ina gaishe ka, da fatan kana cin abinci. Muryarka a saƙon da ka bari ba ta mai cin abinci ba ce.

Ba ka ji maganata ba. Jaridar ta fito ranar da matan layinmu suka taru a tsakar gidana haɗa kimci, kabejin yajin da muke adanawa don hunturu, guda ɗari da ashirin a jiƙe cikin gishiri. Ba wadda ta fasa zuwa, har waɗanda suka saba kukan ciwon baya. Muna shafa barkono, sai Maman Yong-dal ta ce, "Maman Seong-pil, ashe surukar taki da gemunta! To ai kin huta, ba mai yi miki gardama a kicin." Suka sunkuyar da kai suna dariya. Na ce, "Ki kula da hannunki, kin cika barkono kamar yadda kika cika baki." Na ci gaba da aikina.

Da rana baffanka ya bugo. Ya ce ranar tunawa da mahaifinka kada ka zo, nasa ɗan ne zai zuba giyar al'ada a gaban hoton marigayin. Ban yi masa gardama ba. Wan mijina ne, kuma ban saba ɗaga murya gaban manya ba.

Ɗan Maman Yong-dal ya nuna min a waya cewa magoya bayanku sun rabu biyu. Wasu sun ce a sauke ƙyallen da ke ɗauke da sunanka. Wasu sun ce idan kun jeru bayan wasa kun rusuna musu kamar kullum, su juya maka baya. Ka ce kyaftin ɗinku ya dafa kafaɗarka, amma mutum biyu sun ɗauke kayansu daga kusa da naka, koci kuma bai ce uffan ba. Shirun koci nake tsoro.

Ka je ka faɗa wa koci ciwon yatsan ya tashi, kada ka buga wasan Asabar. Na san ni ce na yi maka faɗa kan ƙarya a wasiƙar baya. Wannan ɗaya ka yi ta, laifin a wuyana.

Mahaifiyarka,
Gil-rye

Boseong, 25 ga Nuwamba

Ɗana,

Da fatan ka tashi lafiya, kuma kafaɗar da ka faɗi a kanta ba ta kumbura ba. Kada ka yi mamakin yadda na sani. Ina wurin.

Na hau bas na farko ban faɗa wa kowa ba. Na ce in za a jefi ɗana, to a yi ina kallo. Na zauna a layi na huɗu bayan raga. Ƙyallenka na nan, amma an naɗe shi rabi, kamar mai shi bai gama yanke shawara ba. Ba ka waiwayo ba ko sau ɗaya. Wuyanka kawai nake gani, ya sandare irin na mahaifinka in yana fushi.

Wani mutum a bayana, da kwalin kaza a cinya, ya fara tun minti na biyar. "Ke amarya, kama ƙwallo!" "A ba ta siket!" Sauran ba zan rubuta ba. Na kusa da shi suna dariya. Na daure har ya ambaci uwarka. Sai na juya na ce, "Kai, wace shekara aka haife ka?" Ya ce, "Baba, ina ruwanki?" Na ce, "Na tambaye ka." Ya faɗa. Na ce, "Ka girmi ɗana da shekara biyu kacal, ga uwar tasa kuma a gabanka. Maimaita." Ya cire hula. Ya koma kan kazarsa. Wasu can sama ba su daina ba, muryata ba ta kai can.

An ci ku ɗaya, kuma laifinka ne, ka fito da wuri. Sau nawa zan faɗa maka?

Da kuka jeru don rusunawa, na ga kyaftin ya jawo ka tsakiya. Mutane da yawa sun juya baya, ba zan ɓoye maka ba, na ƙirga har talatin na bari. Wasu sun tafa. Kai kuma ka sunkuya, ka daɗe ba ka ɗago ba, kana rusuna wa ƙeyar mutane. Uwa ba ta rusuna wa ɗanta, haka aka koya min, haka na koya maka. Amma na ga babu mai amsa maka yadda ya kamata. Na miƙe da gwiwar nan tawa na rusuna maka. Ban sani ba ko ka gani.

Kada ka ɗauka na gane, ban gane ba. Har yanzu in waya ta yi ƙara sai in yi zaton kocinku ne ya sallame ka. Ka sanar da ni da zarar ya yi magana, ko wace iri ce.

Na bugo wa baffanka. Na ce masa teburin tunawar a gidana yake, marigayin mijina ne, kuma kai ɗan da ya haifa ne za ka zuba masa giya. Ya kashe min waya. Yanzu na san yadda abin yake.

Kimci na hanya, mazubi biyu. Mai jan murfi ba barkono sosai, don na tuna Hyeon-mo ya taɓa cewa cikinsa ba ya so. Ranar tunawar sha biyu ga Disamba ce. In Hyeon-mo zai zo, ya zo da baƙar kwat, kuma ka duba masa safar ƙafarsa da kanka, kada a samu huda. Mai rusunawa a gaban hoton, duk wanda ke baya tafin ƙafarsa yake kallo, kuma baffanka zai tsaya a baya.

Mahaifiyarka,
Gil-rye