Lemar da Ta Fi Ƙarfina

Geraldton

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da Mama kuna lafiya, an kuma gama girbin alkama. Ni lafiya lau nake a makaranta, gwiwata ce kawai ta ɗan kuje. Kada ka gaya wa Mama.

Kayan wasan teku sun iso, na gode. Allon da ake tsayawa a kai ya yi, ɗamarar da ake ɗaura lema a jiki ma ta yi. Amma Baba, raina a ɓace yake. Lemar da iska ke ja ta tafi da mutum a kan ruwa, mai faɗin mita bakwai na ce maka, sai ga mai goma sha biyu. Yaya Lachlan ya ce wai ka ce zan girma in kai ta. Baba, wannan ba rigar makaranta ba ce! Takalmin da ka sayo babba, takarda nake cusawa a ciki, ban taɓa cewa uffan ba.

Ran Asabar da iskar la'asar ta taso, lemar ta fizge ni, ta yi ta jana a kan yashi a gaban kowa. Malama Shona mai koya mana wasan ce ta rugo ta riƙe ni. Ta ce, "Tegan, wa ya sayo miki wannan? Tarakta zai ja da ita?" 'Yan ajinmu suka fashe da dariya. Na kasa cewa kai ne.

Ta ce in ba a canzo kafin hutu ba, wata yarinya za ta ba gurbina a ajin wasan.

Don Allah ka mayar musu. Nauyina na bana iska take ɗauka, ba na baɗi ba.

Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka,
Tegan