Na'urar da Na Ɓoye wa Bello

Tambuwal, daren Laraba

Yau ɗana Bello ya kai ni ta'aziyya Fakku, da na'urorin nuna hanya biyu manne a gilashin mota, wai gwada su yake yi. Tsohuwar na'urar, kwalta kawai ta sani, da mun sauka daga kwalta sai ta yi gum. Sabuwar kuwa bakinta ba ya hutawa, ita ta karkatar da mu wani burtali, wai ya fi kusa.

Muka yi nisa, ba sawun babur, ba ɗanyen kashin shanu. Na ce, "Bello, juya. Makiyaya ba su bar nan a banza ba, 'yan bindiga suka guda."

"Baba, ta ce saura kaɗan."

"Ita za a sace, ko mu?"

Ya juya. To gobe zai tafi Kebbe shi kaɗai, kuma sabuwar ya zaɓa. Ni dai tsoro nika ji. Na ciro ta, ga ta nan ƙarƙashin matashina. Tsohuwar na bar masa. In ta yi shiru, dole ya tsaya ya yi sallama, ya tambayi mutane ko hanya lafiya.

Da safe ya yi ta faɗansa, in dai zai dawo mini.