Hannun Baba da Garin Dutse

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ya aiki, ya iyali, ya zaman Legas? Inna tana gaishe ka.

Hannun Baba na dama ya ƙi ɗaguwa. Mura ya yi da zazzaɓi, yana warkewa kafaɗar ta kama zogi, yanzu ko buta ba ya iya ɗauka. Likita a Gummi ya ce ƙwayar cutar murar ce ta taɓa jijiya. Wataƙila haka ne. Amma da nake wanki na tarar da garin dutse a aljihunsa, alhali ya rantse ya bar niƙan zinare tun da gubar dalma ta kashe ƙanwarmu Hadiza. Wai ƙasar gona ce. Yaya, na san ƙasar gonarmu.

A sa shi a addu'a. Ka kira shi, kai ne yake jin nauyin yi wa ƙarya.

Ƙanwarka,
Balkisu