Ɗakin Ƙasa

Auta,

"Ɗakin ƙasa naki ne, Yaya, kafin ƙarshen wata zan kwashe kayana." Kai ka faɗa, a barandar asibiti, ranar da likita ta ce ciwon dajin ya tashi daga nono ya shiga ƙashi. Watan ya ƙare, wani ma ya bi sahunsa. Ga gaisuwa tunda an koya mana ita: ya kasuwa, ya iyali?

Na koma takarda ne don wayarka ta koyi suma duk sa'ad da ta ga lambata. Har yanzu ina saman bene a gidan da Baba ya bar mana. Ranar asibiti da zaune nake sauka, maƙwabciyata mai ɗinki na riƙe da jakata tana ta "sannu, Malama". Na tsufa ina koyar da adabi, yau ga ni ina jan gindi a gaban 'yan haya. Bokitan fentin shagonka kuwa suna hutawa a ɗakin ƙasa, ba inda ke musu ciwo.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kin samu sauƙi. Wallahi kasuwa ce ta riƙe ni. Ga injin matse 'ya'yan itace nan na aiko, da wani garin magani da abokina ya ce shi ya tashi surukarsa. Don Allah ki bar zancen ɗakin ƙasa kamar wadda ba za ta warke ba. Da yardar Allah da gudu za ki riƙa hawa benen nan.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki mai biyayya.

*

Auta,

Ina gaisuwa. Inji ya iso, ya tarar da 'yan'uwansa biyu, don dangi kaf sun zama likitoci. Na tambayi injin ko zai iya sauko da ni, bai ce komai ba.

Buɗe kunnenka. Ciwon nan ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi. Na karanta, na tambaya, na yi kukana na share. Ba "za ki warke" nake nema ba. Ƙofar da keken marasa lafiya zai shiga nake nema, da banɗaki kusa, da mutum ɗaya tak da zan ce wa "yau tsoro nake ji" bai ce min "haba, daina faɗa" ba.

Jiya ban je an sa min magani ba. Ƙugu ya hana ni sauka. Likita ta ce kar a kuma.

Yayarka.

*

Yaya,

Na buɗe ɗakin. Ina janye bokitan gaba na ga gadon Inna a bayansu. Nan muka sauko da ita, ba ta sake hawa ba. Shi ya sa na cika shi da fenti tun farko. In na kwashe, ji nake kamar da hannuna na shimfiɗa miki. Ki yafe min.

Auta.

*

Auta,

Na karanta, na tausaya maka. Can kuma haushi ya dawo.

Ka manta Inna a ɗakin nan? Shan hantsi take a bakin taga, tana yi wa duk mai wucewa tsiya, har mai gyaran famfo ya canja hanya. Zama ta je yi, ta kuma zauna. Ni ma shi zan yi. Bar min gadon. Bangon kuwa, tunda Allah ya hore maka fenti, shafa masa shuɗi, na gaji da farin asibiti.

Laraba ake jirana a asibiti. In ranar Talata ta faɗi ɗakin bai zama fili ba, 'yan dako za su sauko da ni har da katifa, su dire ni a tsakiyar shagonka, in riƙa gaya wa masu saye wane fenti ne ke ɓarewa.

Ka gaida iyali.
Yayarka, wadda ke nan daram.